Tef ɗin awon damtse ya kamata ya kwana a ɗakin uwa

Masu saurare assalamu alaikum. Yau sharhinmu kan wani ɗan tef ne mai kala uku, kore da rawaya da ja, wanda ake naɗa wa yaro ɗan wata 6 zuwa shekara 5 a tsakiyar damtse. In ya nuna kore, lafiya lau. In rawaya ce, yaro ya fara zubewa. In kuwa ya faɗa ja, wato ƙasa da santimita 11.5, to tamowa ce mai tsanani, ba batun a jira ranar kasuwa.

Da can sai ma'aikacin lafiya ke riƙe tef ɗin nan, ga shi ƙauyuka da yawa sai a yi watanni ba su ga ƙeyar ma'aikaci ba, balle da damina hanya ta yanke, rumbu ya yi ƙasa, zazzaɓin cizon sauro kuma yana ta kwantar da yara. A Mirriah ta jihar Damagaram a Nijar ƙungiyoyin agajin lafiya na ALIMA da BEFEN suka ce bari a gwada ba wa iyaye mata tef ɗin, aka koya musu awo, aka koya musu danna ƙafar yaro da babban yatsa na daƙiƙa uku a ga ko wurin zai loɓa, wanda shi ne alamar kumburi. Kuma wallahi matan nan, da yawansu ba su taɓa shiga aji ba, awonsu bai gaza na ma'aikatan ba, yara suka riƙa zuwa da wuri, waɗanda sai an kwantar a asibiti suka ragu. Ai dama uwa ce ke yi wa yaro wanka kullum, ita za ta fara ganin hannu ya sirance.

In an kai shi da wuri ma ba sai an ba shi gado ba, matuƙar yana iya cin abinci kuma babu wata cuta mai tsanani tare da shi. A ba uwar ledar Plumpy'Nut, wannan haɗin gyaɗa da madara da sukari da mai, ta koma gida, duk sati ta dawo awo. To nan fa nake da magana da mu maza. Ledar nan magani ce, an ƙirga ta daidai da nauyin yaro ɗaya, amma sai ka ga an raba wa yayye, wani har ya ɗanɗana da kansa, wata kuma ta ƙare a tiren mai talla. Yaro ya koma awo bai ƙaru ba a ce wai maye ne ya kama shi ko kuma haƙori ne.

Malam, in uwargida ta ce maka tef ya nuna ja, kada ka ce a bari sai an gama noma. Ka ba ta izini da kuɗin mashin a ranar, in da hali ma ka ɗauko yaron ku tafi tare, tuwon dare a bar wa kishiya ko surukarta.