Ƙawa ke ja, yaya ke riƙewa

Assalamu alaikum jama'a masu saurare, na Aboabo da Asawase da Alabar da Sabon Zango da duk inda muryarmu ke kaiwa a nan Kumasi. Yau maganarmu kan ƙananan fina-finan nan ce, na minti goma ko sha biyar, waɗanda matasa ke haɗawa da kuɗin aljihunsu su ɗora a YouTube, musamman masu labarin 'yan mata 'yan sakandare.

Mu da muka tashi da kallon Kumawood, wato fina-finan Kumasi, da kasat ɗin Kano mun saba, in aka nuno budurwa to ko dai ana neman aurenta ko kuma ta riga ta lalace ana kuka a gida. Tsakiyar nan, inda yarinya mai kunya take zamewa kaɗan-kaɗan, ba a cika nuna mana ba. To shi waɗannan yaran ke ɗauka, kuma wallahi sun fi mu gane cewa ba kullum saurayi ne ke fara jan yarinya ba, sau da yawa ƙawa ce.

Ku duba yadda suke tsara abin. Yarinya ta fito gida da hijabinta, tana shiga trotro, wato motar haya, ƙawayenta uku suna bayan mota suna dariya, ɗaya ta ce mata ke har yanzu baƙauya ce, ba wanda ya tilasta ta fa, amma kafin su sauka Kejetia hijabin ya koma cikin jaka. Daga nan sai waya, sai wani ya fara turo mata MoMo, wato kuɗi ta waya, sai ƙarya ta farko ga Hajiya wai za ta je lesin. Tun da aka fara Free SHS, wato karatun babbar sakandare kyauta, a 2017 'ya'yanmu mata da yawa sun samu shiga sakandare, wasu ma na kwana, alhamdulillahi, amma a can ɗakin kwana ba Hajiya ba Malam, kuma duk da an hana ɗalibai riƙe waya a makaranta ai kun san wadda ta ɓoye tata ita ce sarauniyar ɗaki.

Inda abin ke taɓa ni shi ne yaya. Ɗaki ɗaya suke kwana, ita ke tashi da asuba ta taya uwarsu dafa wake da shinkafa na sayarwa, ita ce ta fara ganin sabuwar waya a ƙarƙashin matashi. Ta faɗa wa Hajiya a yi wa ƙanwar duka ƙanwar ta daina yarda da ita har abada, ko ta rufa asiri abin ya ƙara nisa? Sai ka ga ta jira dare kowa ya yi barci ta ce, ƙanwata wa ya ba ki wannan, kada ki yi min ƙarya. Wani lokacin ma yayar tana da nata tabon, ita ma an taɓa jan ta, shi ya sa take magana da sanyi. Akwai masu nuna yayar da kishi, wannan ma gaskiya ne, yana faruwa.

Abin da ke damuna, yawancinsu da Turanci ne ko Tiwi ko broka. Hausar Zango da wuya ka ji ta. Tun 1978 aka kafa NAFTI, makarantar koyar da harkar fim, a Accra, amma ko da waya ɗaya da makirfo mai kyau yaranmu na Nima da Aboabo za su iya, sai dai a gida da an ji kalmar fim sai a ce iskanci. Don Allah iyaye, ku zauna da 'yarku ku kalli irin wannan tare, minti goma ne, ku ga wace ƙawa za ta ce muku ta yi kama da tata.

Layinmu a buɗe yake, yau yayye mata nake so su fara kira.