Shamuwa 'yar gidan wa ce?

Assalamu alaikum. Ranka ya daɗe shugaban ƙungiyarmu ta nan Ingila, dattawanmu, iyayenmu mata da suka sha aikin tuwon nan tun da safe, 'yan'uwa, barkanmu da war haka. Ba zan ja ku da nisa ba, na ga yara sun fara kewaya kuloli.

Makon jiya nake ce wa autata, a garinmu da ka ga shamuwa ta sauka a kan kuka, to a fiddo fartanya, damina ta ƙarato. Sai ta ce, "Baba, Shamuwa 'yar gidan wa ce?" Na yi dariya, amma abin bai bar ni na yi barci da wuri ba.

Ku duba, yawancin fasaharmu daga gona da kogi da daji ta fito. A wajen gayya makaɗi na bin manoma kunya-kunya da ganga, yana zuga kowa da kirarinsa. Gawo ma ya samu nasa, don yana kaɗe ganye da damina, ya yi kore shar da rani. Shuɗin rinin Ƙofar Mata a Kano daga ganyen baba yake. Wanda kuwa ya taɓa tsayawa bakin kogin Matan Fada a Argungu ranar bikin kamun kifi ya san abin da nake nufi: masunta sun cika gaɓa, kowa da gora da homa, makaɗa na cikin kwale-kwale, ana ba da alama sai ka ji ruwa ya ɗauki ƙara gaba ɗaya. Bikin ya samo asali ne a 1934, da Sarkin Musulmi Hassan ɗan Mu'azu ya ziyarci Kabawa bayan doguwar gaba, kuma UNESCO, hukumar ilimi da al'adu ta Majalisar Ɗinkin Duniya, ta sa shi cikin al'adun duniya a 2016.

Shawarata ita ce mu ware yini guda a watan Yuli, mu fita fili. Dattawa su kawo waƙoƙin noma da na daka, mata su zo da lalle, a shimfiɗa wa yara takardu da fenti. Sai dai kada mu tilasta musu waƙar abin da ba su taɓa gani ba. Yaron da aka haifa a Ingila dusar ƙanƙara ya sani, da ganyen da ke yin ja ya zube, da magaribar da ba ta yi sai bayan ƙarfe tara. To ya yi mana baiti a kansu, da Hausa. In Hausar ta karye, don Allah kar wanda ya yi dariya, mu manyan ma wani lokaci sai mun lalubo kalma.

Akwai takarda a bakin ƙofa ta masu taimakawa. Kuma duk mai zuwa gida kafin lokacin, muna neman kalangu ɗaya da ƙore kamar goma, ƙungiya za ta biya kuɗin kaya. Na gode.