Kada mu kai yara Muze don kallon zaki kaɗai

(Laccar da wani tsohon malamin firamare ya gabatar a taron malamai a Yamai, an rubuto ta daga naɗin murya.)

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Malam shugaban taro, Allah ya ƙara girma. Iyayena da ke zaune a gaba, ƴan'uwana malamai maza da mata, sannunku da zuwa.

An ce in yi magana a kan gidan tarihi da karatun yara. Bari in fara da tambaya. Wa ya taɓa kai ajinsa Muze, wato gidan tarihin ƙasa da ke nan Yamai? Ku ɗaga hannu. Madalla, kuna da yawa. To, wa ya riga yaran zuwa, shi kaɗai, ya zagaya, ya zaɓi abin da za su duba? Kun ga, hannuwa sun sauka. A nan maganata take.

Kun san yadda muka saba yi. Sai ƙarshen shekara, cikin Mayu ko Yuni, rana tana ƙuna, a tara kuɗin mota, a loda yara 80 da malamai biyu. Suna shiga ƙofa sai gudu wajen zaki da kura da dorina. A ci abin da aka ƙullo, a ɗauki hoto, a koma. Ni ma na yi haka a shekarun farkon aikina. Da muka dawo na ce kowa ya rubuta abin da ya gani, kusan duk takardun magana ɗaya ce: zaki yana barci. Abin ya tsaya mini a rai, domin yaran nan sun wuce ta gaban iccen Tenere, ba wanda ya tsayar da su.

Wurin nan ba don shan iska aka kafa shi ba. An buɗe shi a 1959, kafin ƴancin kai, kuma mutumin da ya tsaya a kansa, wanda yau ake kiran gidan da sunansa, Bubu Hama, malamin lakwal ne kamarmu kafin ya zama shugaban majalisa. Shi da Bature Pablo Toucet suka tsara shi: fili mai faɗin hekta 24, rumfunan kaya nan da can, gidajen gargajiya irin na ƙabilunmu, dabbobi, da masu sana'ar hannu suna aiki a idon jama'a. Malami ne ya yi tunanin wurin, saboda haka malami ya fi kowa haƙƙi a cikinsa.

Mu koma kan iccen Tenere, don a kansa nake so mu daɗe. Icce ne na ƙaya, busasshe, an gina masa rumfa. Yaron da ba a shirya ba zai ce makamashi ne. Amma iccen nan ya yi zamani yana tsaye shi kaɗai a tsakiyar hamada, a kan hanyar ayarin gishiri tsakanin Agadas da Bilma, har Turawa suka sa shi cikin taswira. Da aka gina rijiya kusa da shi a ƙarshen shekarun 1930, aka tarar saiwarsa ta nutsa fiye da mita 30 tana neman ruwa. Buzaye na wucewa da raƙuma dubbai, ba wanda ya karya reshensa don ya dafa shayi. A 1973 wata babbar mota ta buge shi ya faɗi, cikin Nuwamba na shekarar aka ɗauko shi zuwa Yamai.

To, Malama, ke da kike riƙe da aji biyar, darasi nawa kika gani a nan? Ki sa su auna mita 30 da igiya a filin lakwal, su ga zurfin da saiwa ta yi; ga lissafi. Su nemo Agadas da Bilma a taswira. Su tambayi kansu, ina sauran itatuwan da suka tsiro tare da shi suka tafi? Ga maganar hamada da saran icce, wadda kowane ɗan Adar ya sani a jikinsa. Sannan ki tambaye su abin da ya hana madugai taɓa shi. Wannan tambayar ita na fi so, saboda yara kan yi shiru su yi tunani, daga nan sai ki ji wata ta ce, ai don na baya su ma su ga hanya.

Abu ɗaya kenan, ya ci mako guda na karatu.

Haka rumfar ƙasusuwa. Akwai wani kada na zamanin dā da aka tono a Gadufawa, cikin jihar Agadas, tsawonsa kimanin mita 10, ya rayu sama da shekara miliyan 100 da suka wuce. Kada ku fara da lacca. Ku tsayar da yaro a gabansa ku ce, kada a ina yake zama? Zai ce a ruwa. To, me ya kai shi tsakiyar rairayi? Ku bar shi da ita. Da kansa zai gano cewa inda yau babu ko ɗigon ruwa, dā koguna ne. Abin da yaro ya gano da kansa ba ya zubewa bayan jarrabawa. Na san wasu iyaye kan ji nauyin maganar miliyoyin shekaru. Ni abin da nakan tuna musu shi ne, a cikin suratul Ankabut an umurce mu mu yi tafiya a bayan ƙasa mu duba yadda aka fara halitta. Duba muka kawo su yi.

Rumfar yuraniyom ma kada a tsallake ta da ɗaliban sakandare. Tun 1971 ake haƙar shi a Arlit, kowa na jin sunansa a rediyo, amma kaɗan ne suka taɓa ganin dutsen.

Tsarin tafiyar ba shi da wuya. A je lokacin sanyi, Disamba ko Janairu, shekara tana tsakiya, don a samu damar ɗora darasi a kai. A raba ajin gida biyu ko uku. Kowane yaro da littafi da fensir, ya zana abu guda, domin mai zane dole ya kalli abu sosai. A zauna wajen masaƙi ko maƙerin azurfa ko baduku, a bar yara su yi tambaya da harshen da suka sha a nono. Zaki kuwa a bar shi ƙarshe, yana nan ba inda za shi.

Na ga Alhaji can baya yana girgiza kai, na san abin da ke ransa. Kai da ka zo daga Tawa, tafiyar fiye da kilomita 500, ina kuɗin mota? Gaskiyarka. Damagaram da Doso suna da gidajen tarihi na jiha, amma yawancin ƙauyukanmu sun yi nisa da kowanne. To, sai ka kawo gidan tarihin cikin aji. Tebur guda a kusurwa ya isa. Ka ce kowane yaro ya aro tsohon abu daga gida: mazari, akushi, ƙyastu, faifai, ludayin duma, tsohuwar galma. Sharaɗi ɗaya, sai ya zo da labarinsa daga bakin kaka: wa ya yi shi, da me, me ya maye gurbinsa. A rubuta a ƴar takarda a ajiye gefensa, da Hausa da Faransanci, a mayar wa masu shi bayan wata guda.

A wani ajina wata yarinya ta kawo wuri guda bakwai a ƙulle cikin tsumma. Na tambayi ajin, mene ne jam'in wuri? Suka yi ta laluben amsa. Na ce musu, kuɗi. Kalmar da kuke faɗi kullum a kasuwa, asalinta ke nan a tafin hannunta. Kuma wurin nan daga tekun Indiya ya fito, ta hannun fatake ya ratso ƙasashe har ya shigo ƙasar Hausa. Ranar, har aka kaɗa ƙararrawa ba wanda ya tashi. Washegari kakar yarinyar ta zo da kanta, da sanda, ta zauna a kan benci ta nuna musu yadda ake ƙirga wuri biyar-biyar a ƙasa, da yadda aka ƙirga na auren uwarta.

Akwai wani amfanin kuma. A Bura, yankin Tera, a 1975 aka gano tsofaffin tukwane da mutum-mutumin yumɓu, masanin kayan tarihi Bube Gado ya yi tono a wurin a 1983. Da labarin ya bazu, masu sayar wa waje suka yi ta haƙa suna kwashewa. Yaron da ya taɓa rubuta takarda a gefen akushin kakarsa, in ya girma garma ta tono masa tukunyar mutanen dā a gona, ina kyautata zaton hukuma zai fara nema kafin dillali.

Malam shugaba yana nuna mini agogo, kuma an kusa kiran la'asar. Abin da nake roƙo, waɗanda ke nan Yamai mu sa rana cikin watan nan mu je Muze mu kaɗai, ba yara, kowa da littafinsa. Wanda ke so ya ba da sunansa wajen malamar da ke bakin ƙofa. Bayan salla sai mu karɓi tambayoyi. Na gode, Allah ya saka da alheri.