Daga Allon Kwamfuta Zuwa Jikin Fata: Aikin Mai Zayyana a Sakkwato

[Hoto: jajayen awaki a kasuwa, sai majema suna shanya fata]

Jama'a, assalamu alaikum. Fatar wannan jar akuyar da kuke gani ta daɗe da sanin hanyar Turai. Shekaru aru-aru fatake suna ɗora jemammiyar fata daga ƙasar Hausa bisa raƙuma, su ratsa Sahara da ita har Arewacin Afirka, daga can ta hau jirgin ruwa. Turawa suka yi ta yi wa littattafansu bango da ita saboda taushinta da ƙarkonta. Amma da yake ta hannun 'yan kasuwar Arewacin Afirka take isa gare su, sai suka riƙa kiranta fatar Maroko. Akuya tamu, jima tamu, suna na wasu.

Kayan da ba su ɗauke da shaidar mai su, duk wanda ya sayar a ƙarshe shi ake sani. A nan mai zayyana ke neman abincinsa.

Mu ce ga wata matashiya, ta karanci zayyanar talla a Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya, ta gama bautar ƙasa, ta dawo gida Sakkwato da kwamfutarta a jaka. Wani dattijon baduku mai ɗinka jakunkuna da takalma ya ba ta aiki, don 'ya'yansa sun matsa masa a fara sayar da kaya ta intanet zuwa Abuja da Legas. Bari mu bi aikin.

[Hoto: hannu yana zane da fensir, gefe ga guntayen fata]

Abu na farko tambari. A makaranta an saba yin tambari mai launi biyar, da inuwa, da ƙyalli, a haska shi a allo malami ya ba da maki. A rumfar baduku wannan bai da amfani. Tambarin nan za a sassaƙa shi ne a jikin ƙarfe, a danna a kan fata. Babu launi ko ɗaya, sai zurfin da ƙarfen ya bari. Siririn layi zai ɓace. Layuka biyu da suka matsu da juna za su haɗe su zama tabo. Saboda haka takan fara da baƙi a kan fari, ta rage girman zanen har ya koma kamar farcen babban yatsa. Idan an gane shi a haka, ya ci jarrabawa. Launi sai daga baya.

Kuma dole ta zana shi da layi, ba ta ɗauke shi a matsayin hoto ba. Ga bambancin. Hoton waya tarin ƙananan ɗigo ne, kamar ƙwayar gero da aka shanya a tabarma: daga nesa shimfiɗa ɗaya, in ka matso sai ka ga tsaba. Da ka faɗaɗa shi sai ya dushe. Zanen layi kuwa lissafi ne, kwamfuta ke sake zana shi a kowane girma, ko a kan katin kasuwanci ko a allon da ya kai tsawon mota. Manhajojin CorelDRAW da Adobe Illustrator don haka aka yi su. Kuma a shagunan buga takardu na ƙasar nan CorelDRAW ya fi yawa, don haka duk ƙaunarta da wata manhajar, sai ta iya miƙa fayil ɗin da mai injin zai buɗe.

To me za ta zana? Nan ne na fi jin takaicin sababbin masu zayyana. Sai ka ga an shiga intanet an kwaso kambun sarautar Ingila ko kan zaki, an liƙa wa mai kilishi. Alhali ga aska takwas a ƙirjin babbar riga, ga zanen da dukawa ke yankawa a jikin titimi da kube, ga zayyanar da mahaddata ke yi a gefen shafukan Alƙur'anin da suka rubuta da hannu, ga adon bangon tsofaffin soraye. Dagin Arewa kam ya sha aiki, kowace ƙungiya da kowane shago sun ɗauka, har ya daina bambanta kowa da kowa. Matashiyarmu sai ta zauna ta duba tsofaffin jakunkunan dattijon, ta tsinci wata 'yar siffa da yake maimaitawa a bakin kowace jaka tun yana saurayi. Ita ta gyara ta zama tambari. Da ma nasa ne, ba a dai taɓa ware shi ba.

Wannan hanyar tana warware wata matsalar kuma. Masu kaya da yawa a garin nan ba sa son surar mai rai a tambarinsu, kuma mai zayyanar da ta san garinta tana tambaya tun kafin ta ɗora fensir.

[Hoto: ana rubutu a kwamfuta, wani harafi ya fito a matsayin akwati]

Sai rubutu. Yawancin zubin haruffan (wato font) da ke cikin kwamfuta ba su da ɓ da ɗ da ƙ. Ka rubuta, sai akwati ya fito, ko kwamfuta ta aro harafin daga wani zubin, ya tsaya a tsakiyar kalma ya fi sauran kauri ko tsawo. Shi ya sa allunan talla da yawa suke zubar da lanƙwasar gaba ɗaya. Maganin shi ne a gwada haruffan nan tun kafin a zaɓi zubi. Zubin Noto na kamfanin Google yana da su, kuma kyauta ne.

A Sakkwato kuma akwai ajami. Garin da Nana Asma'u ta yi waƙoƙin karantarwa da shi, har yau akwai dattawa da matan gida da suka fi sakewa da shi a kan boko. Ku duba takardar naira 200 da 500 da 1000, yana nan a jiki. Zubin Larabcin da ke zuwa da kwamfuta bai yi kama da hannun da aka koya a makarantar allo ba, amma akwai Harmattan da Alkalami, waɗanda aka tsara don rubutun wannan yanki namu. Wanda ya iya jera boko da ajami a fosta ɗaya, ɗaya na tafiya dama ɗaya hagu ba tare da sun yi karo ba, ba zai rasa aiki ba, musamman wajen masu wayar da kai kan rigakafi da gidan sauro. A irin wannan aikin zane ke ɗaukar rabin saƙon, kuma kuskure kaɗan ke ɓata shi. Ka zana uwa da shigar da ba ta nan ba, matar Wurno ko Gwadabawa za ta kalla ta ce ba da ita ake ba.

[Hoto: injin buga ledar talla yana aiki]

Ranar da aka kawo takardun farko daga wurin bugu, dattijon ya juya su ya ce, "Ɗiyata, wanga ja ba shi na gani cikin waya ba."

Ta ce, "Gaskiyarka, Baba."

Dalili kuwa, allo da haske yake haɗa launi, daga ja da kore da shuɗi. Injin bugu da tawada huɗu yake haɗawa: shuɗi mai haske, ja mai ruwan hoda, rawaya da baƙi. Akwai launukan da haske ke iya yi tawada ba ta iyawa, shi ya sa ja mai ƙuna a waya kan fito a dushe a takarda. Mai hankali tana sauya fayil zuwa tsarin tawada tun farko, ta buga gwaji guda, mai kaya ya gani ya amince, sannan a saki injin. Hoton da za a buga a takarda yana son ɗigo 300 a kowane inci, kuma akan bar rarar milimita 3 a gefe saboda wuƙar yanka ba ta bin layi daidai. Hoton da aka turo ta WhatsApp an riga an matse shi, sai dai a turo shi a matsayin fayil.

Ga rana kuma. A watan Afrilu zafin Sakkwato yana haura digiri 40, ledar talla na tsaye a waje, ja da rawaya su ke fara kodewa. Hunturu ya zo ya shafe ta da ƙura. Allon da zai rayu a bakin titi yana son rubutu mai duhu a kan fili mai haske, da kalmomi kaɗan, don mai wucewa a kan kabu-kabu ba zai tsaya karatu ba.

Tallan waya nasa tsarin daban: hoto a tsaye, kaya a tsakiya, farashi a fili, saboda abin da aka ɗora a sitatus awa 24 kawai yake yi. Tun 2022 hukumar ARCON ce ke sa ido kan tallace-tallace a Najeriya, ta gaji APCON. Idan mai kaya ya ce a rubuta cewa maganinsa na warkar da kowace cuta, gara matashiyarmu ta ajiye aikin.

Akwai abin da masu kaya ke yawan rikitawa. Rajistar sunan kasuwanci a CAC, hukumar rajistar kamfanoni, ba ta kare tambari. Tambari ofishinsa daban, a ƙarƙashin ma'aikatar masana'antu da kasuwanci ta tarayya. Rajistar farko shekara 7 take yi, sabuntawa kuma shekara 14. Kuma rukuni-rukuni ne: jakar fata tana rukuni na 18, takalmi yana na 25, don haka dattijonmu rajista biyu ke gabansa.

Batun kuɗi, ta karɓi kafin alƙalami, a kuma rubuta sau nawa za a yi gyara, don "ɗan ƙara girman sunan" ba ya ƙarewa. Za a ce mata ai yaron gida ma yana yi da manhajar Canva a waya. Yana yi ɗin. Sai dai ranar da maƙeri ya nemi zanen da zai sassaƙa a ƙarfe, ko mai injin ya ce fayil ya fashe, ita za a kira. In an cika mata kuɗinta, ta miƙa tambarin a zanen layi, baƙi da mai launi, da lambobin launukan, da sunan zubin haruffan, ta sa a filashi, ta kuma tura kwafi ga ɗaya daga cikin 'ya'yan dattijon.