Ofset a Kafka: ina aka tsaya da karatu?

Assalamu alaikum jama'a. Ku dubi littafin nan da ke kan allo. Irin wanda masu rumfar tura kuɗi ke riƙewa ne a babbar kasuwar Garwa: duk wanda ya zo a rubuta shi a layi na gaba, na baya kuma ba a taɓa shi.

Haka Kafka take aiki, manhajar ajiye saƙonni da isar da su tsakanin manhajoji, wadda aka ƙirƙiro a kamfanin LinkedIn aka sake ta ga kowa a 2011. Saƙonni na ta kwararowa, kowanne a ba shi lamba, daga 0 ake farawa. Lambar nan ita ce ofset. Sai dai littafin kashi-kashi ne, kowane kashi da nasa ƙirgen, don haka saƙo na 40 a kashin farko ba ruwansa da na 40 a kashi na biyu.

To, a nan nake so ku natsu. Manhajar da ke karanta saƙonnin tana da wuri biyu: inda idonta yake yanzu, da kuma alamar da ta bar wa Kafka ajiya. Alamar nan lambar saƙon da za a ɗauka gaba ce. In an gama da 40, 41 ake ajiyewa.

Mu ƙaddara saƙo na 41 cewa yake a tura wa wata hajiya a Marwa sefa dubu goma. An tura, kafin a ajiye alama sai wuta ta ɗauke. Da na'ura ta tashi, daga 41 za ta sake kamawa, hajiya ta karɓi kuɗi sau biyu. In kuwa an riga an ajiye alamar kafin a tura, wuta ta ɗauke a tsakani, sai a tsallake hajiyar, kuɗinta bai je ba kuma ba wanda ya sani. Ni wannan na biyun ya fi tayar mini da hankali. Shi ya sa nake cewa a gama aiki tukuna a ajiye alama, sannan kowace hada-hada a ba ta lambar shaida, in ta maimaitu a gane ta.

Ku sani kuma, in ba ku canza saiti ba, manhajar karatun da kanta take ajiye alama duk bayan daƙiƙa 5, Kafka kuma kwana 7 take riƙe saƙo. Mai karatun da ya wuce haka bai dawo ba zai tarar an share wurin da ya tsaya, sai dai ya kama daga mafi tsufan abin da ya rage, ko daga sabon da zai shigo.