Jawabin Maraba Ga Mai Girma Minista Daga Kwamitin Masu Sana'ar Roba Da Zaren Gilashi Na Kano

Da sunan Allah Mai rahama Mai jin ƙai. Tsira da amincin Allah su tabbata ga fiyayyen halitta, Annabi Muhammadu, da alayensa da sahabbansa.

Mai girma Minista, babban baƙonmu na yau, iyayenmu hakimai da dagatai, malamanmu na jami'a, shugabannin masana'antu, 'yan jarida, da sauran jama'a, assalamu alaikum wa rahmatullahi wa barakatuhu.

A madadin wannan kwamiti, wanda ya haɗa masu masana'antun roba na Sharaɗa da Chalawa da Bompai, da malaman kimiyyar haɗa sinadarai, da matasanmu masu shimfiɗa zaren gilashi na intanet da ɗinke shi idan ya tsinke, muna yi maka barka da zuwa Kano ta Dabo. Ranka ya daɗe, ƙwazonka da kishinka ga ilimi da sana'a ba su buƙatar mai shela, kuma yadda ka ajiye ayyukan ofis ka tako har cikin hayaniyar injinanmu ya ishe mu shaida.

Ba za mu ɓoye buƙatarmu a ƙarshen takarda ba, domin ita ce ta tara mu. Muna roƙon a kafa mana ɗakin gwaji guda ɗaya a nan Kano, wanda zai iya auna ingancin rufin da ake yi wa roba da zaren gilashi, wato siririyar rigar nan da ke kare su daga rana da danshi da karta, wadda ake yi da folima, sinadari dangin roba. Duk abin da za mu faɗa bayan wannan, bayani ne na dalilin roƙon.

Ranka ya daɗe, sanin yadda ake yi wa abu rufi ya daɗe ba baƙo ba ne a ƙasar nan. Tun kafin a san siminti, maginanmu suna jiƙa ɓawon ɗorawa su fitar da makuba, su shafe bango da daɓe domin ruwan damina ya zame ya bar ƙasa. Majemanmu suna jeme fata da bagaruwa, har ta kai ga fatar jar akuyarmu ta ƙetare Sahara ta isa Turai, inda aka laƙaba mata sunan fatar Maroko, alhali daga ƙasar Hausa ta fito. A marinar Ƙofar Mata da garin Kura, masu bugu suna dukan ƙyalle da shuni har ya riƙa walƙiya kamar madubi. Ko almajiri ya san cewa tawadar da ba a sa wa ƙaro ba ba ta zama a kan allo, kuma malamanmu na kimiyya sun gaya mana cewa ƙaron nan da ake tsinta a dazukan Jigawa da Yobe da Barno shi ma folima ne, sai dai na Allah ne ba na masana'anta ba. Da zamani ya juya, jikokin waɗannan mutane ne suka cika Bompai da Sharaɗa da injina. Abin baƙin ciki shi ne mun ga masaƙunmu sun rufe ɗaya bayan ɗaya, mun ga rashin wutar lantarki ya kashe masana'antun da suka ciyar da unguwanni, kuma masu robar da suka rage suna raye ne da janareta da haƙuri, suna gogayya da kayan waje da ake shigowa da su ba tare da an tambayi ingancinsu ba.

Game da zaren gilashi, wanda matasanmu ke kira faiba, a shekarar 1966 ne masani Charles Kao da abokin aikinsa George Hockham suka nuna a Ingila cewa gilashi mai tsarki zai iya ɗaukar saƙo da haske zuwa nesa, a 1970 kuma kamfanin Corning na Amurka ya ƙera zaren farko da ya cika wannan sharaɗi, daga baya aka ba Kao kyautar Nobel a 2009. Abin da ba a cika faɗa ba shi ne zaren ba ya rayuwa tsirara. Kaurin gilashin maikiron 125 ne kawai, maikiron ɗaya kuwa kashi ɗaya ne cikin dubu na milimita, don haka bai fi gashin kai da wani abin kirki ba. Ana narkar da sandar gilashi a zafin da ya kai wajen digiri 2000, a jawo zaren daga saman doguwar hasumiya, kuma kafin ya taɓa komai sai a ratsa shi ta cikin ruwan folima na akirilet, a haska masa hasken UV, wato wani irin haske da ido ba ya gani, ruwan ya daskare nan take. Riga biyu ake yi masa: ta ciki mai taushi ce, tana zama matashi don kada ƙananan lanƙwasa su sa haske ya zurare, ta waje kuma mai tauri ce, tana ɗaukar gogayya da matsi. Da su biyun kaurin yakan kai wajen maikiron 250.

Duk wanda ya taɓa tsayawa a kan yaranmu suna aiki a bakin ramin kebul ya ga amfanin wannan riga da idonsa. Yaro zai naɗe zaren a yatsa ba abin da ya same shi, amma da zarar ya sa ɗan almakashinsa ya feɗe rigar, ya goge gilashin da auduga da sifirit, sai ka ga ya riƙe numfashi, domin ƙurar hunturu ƙwaya ɗaya ko ɗan kuskuren farce ya isa ya karya shi. Danshi ma abokin gaba ne, saboda yana shiga ƙaramar tsagar da ido ba ya gani ya riƙa faɗaɗa ta a hankali har zaren ya tsinke. Hatta launuka goma sha biyu da suke bambance zare da zare, daga shuɗi da ruwan lemo da kore har zuwa na ƙarshe, a kan rigar ake sa su.

A wannan riga ne duniya ke tsere a yanzu. An rage kaurin zaren zuwa maikiron 200 domin kebul ɗaya ya ɗauki zare mai yawa a cikin bututun da aka riga aka binne. Masana'antu suna sauya tsofaffin fitilun UV masu makuri, wato zaiba, da fitilun LED masu cin wuta kaɗan wajen daskarar da rufin, wanda ga mutanen da ke sayen gas ɗin janareta da tsada ba ƙaramin labari ba ne. An kuma samar da rufin wani folima da ake kira foliyimayid mai jure zafin digiri 300, da ake zura zarensa cikin rijiyoyin mai, yayin da akirilet na yau da kullum ake ƙayyade shi a digiri 85. Gwamnatin Tarayya ta bayyana shirin shimfiɗa zaren gilashi na kilomita 90,000 a faɗin ƙasa, kuma babban rabo daga ciki a ƙasar Arewa zai kwanta ko ya rataya, inda zafin watan Afrilu ke wuce digiri 40 a inuwa. Muna ganin bai dace a binne dukiya mai yawa haka ba tare da wurin da za a gwada samfurinta a yanayin da za ta zauna ba, shi ya sa muke sake ambatar ɗakin gwajin nan.

A ɓangaren roba, matsalar a gaban kowa take. Fitilar mota ta robar folikabonet takan fito daga kamfani da siririn rufi mai tauri, kuma idan rana da ƙura suka cinye shi sai ta yi rawaya ta dushe, direba ya kai ta a goge, ta yi haske na ɗan lokaci ta koma, domin gogewar ba ta mayar da rufin da ya tafi. Kujerar roba da aka bari a tsakar gida takan yi fari ta riƙa gari kafin ta karye da mai zama. Tankin ruwa baƙi yana daɗewa ne saboda baƙin gawayin da aka cuɗa a jikinsa yana tare hasken rana. Ledar da ba a ratsa ta ƙarƙashin tartsatsin lantarki ba kafin bugu, tawadarta a hannun mai saye take ƙarewa. Muna da ɗanyen kaya a gida, tunda ana sarrafa ƙwayar roba a Eleme ta jihar Ribas da Lekki ta jihar Legas, amma sinadaran rufi kusan duk daga waje muke sayo su, kuma muna karɓarsu ne bisa amana. Wani daga cikinmu ya taɓa sayen ganga-ganga na irin wannan sinadari, ya shafe kayan oda guda, rufin ya fara ɓarewa kafin kayan su bar sito, kuma da ya koma wa dillalin ba shi da takardar gwajin da zai kafa hujja da ita. Idan muna son irin wannan takarda, sai mun aika samfuri Legas ko ƙasar waje, mu biya da kuɗin waje, mu zauna jira kasuwa tana wucewa.

Abin da muke nema bai fi ƙarfin ma'aikatarka ba, ranka ya daɗe: akwatin da ke kwaikwayon rana da zafi da danshi domin a ga cikin makonni abin da shekaru za su yi wa roba, da injin daskarar da rufi da hasken UV, da na'urar auna mannewar rufi da juriyarsa ga karta, da na'urar ja da lanƙwasa zaren gilashi, sannan da wutar sola da za ta riƙe su, domin gwajin da wuta ta yanke a tsakiyarsa ya ɓaci. Masu aiki da su ba za su yi wuya ba, ga Jami'ar Bayero a nan gida, ga Jami'ar Ahmadu Bello da cibiyar binciken fasahar sinadarai ta Basawa a Zariya, kuma ɗalibansu da yawa sun karanta waɗannan na'urori a littafi ba su taɓa sa musu hannu ba. Mu kuma a namu ɓangaren mun yi alkawarin samar da ginin da kula da shi, da biyan kuɗin kowane gwaji.

Muna da wasu koke-koken, kamar sauƙaƙa harajin shigo da sinadaran da ba a yin su a gida, da jan kunnen 'yan kwangilar hanya da ke tsinke kebul da katafila ba tare da sun tambayi inda ya bi ba, da tura matasanmu horo a masana'antun kebul na jihar Ogun. Amma idan ɗaya kaɗai za a ɗauka a cikin wannan takarda, muna roƙon ya zama ɗakin gwajin, kuma muna fata a sa shi cikin kasafin ma'aikatarka na shekara mai zuwa.

Mai girma Minista, bayan wannan jawabi za mu zagaya da kai ka ga fitilar da ta dushe kusa da sabuwa, ka kuma riƙe zaren gilashi da rigarsa da wanda aka feɗe. Muna godiya da wannan ziyara. Allah Ya ƙara maka lafiya da ɗaukaka, Ya mai da kai da tawagarka gida lafiya. Wassalamu alaikum wa rahmatullah.