Sharhi: Na'ura za ta iya riƙe benen ɗalibai da daddare?

Jama'a masu sauraro, barkanmu da wannan lokaci. Sharhinmu na yau ya leƙa jami'o'in Amurka ne, inda ake tambayar makomar wani aiki da ba a cika jin labarinsa ba: mai kula da ɗakunan kwanan ɗalibai, wanda a can ake kira RA a taƙaice. Galibi shi ma ɗalibi ne da ya kwana biyu a makarantar. Ana ba shi ɗaki a bene ɗaya da sauran ɗalibai, sau da yawa su talatin zuwa hamsin, a biya shi da wurin kwana kyauta, wani wurin har da abinci ko ɗan alawus. Sama da shi akwai daraktan gida, cikakken ma'aikaci, shi ma a ginin yake kwana.

A shekarar 2013 wasu masana biyu na Jami'ar Oxford, Carl Frey da Michael Osborne, sun auna sana'o'i 702, suka ce kashi 47 cikin 100 na ayyukan Amurka na cikin babban haɗarin komawa hannun na'ura. Masu kula da ɗakunan kwana sun faɗo can ƙasan jerin, haɗarinsu bai kai kashi 10 ba. Sai dai wannan lissafi ya auna abin da na'ura za ta iya ne kawai. Bai auna abin da hukumar makaranta za ta yi idan aljihunta ya matse ba, kuma a ganinmu nan gizo ke saƙar.

Wani ɓangare na aikin ya riga ya tafi. Rabon ɗakuna da haɗa abokan zama, manhajoji irin su StarRez ke yi. Rahoton karya doka ana shigar da shi a manhajar Maxient ko makamancinta. Kati ko waya sun maye gurbin mukulli, akwatunan ajiya masu lamba suna karɓar saƙonni, famfo ya lalace ɗalibi ya cike fom a intanet. Tun 2016 Jami'ar Jihar Jojiya ta sa manhajar hira mai suna Pounce tana amsa tambayoyin sababbin ɗalibai. Babu mai kewar zaman rubuta takardar duba ɗaki da biro.

Abin da ya rage shi ne dare. Mai kula da ke kan aiki yana riƙe da wayar gaggawa, yana zagaya benaye sau biyu ko uku kafin asuba. A zagayen nan yake tsintar abin da na'ura ba ta gani. Na'urar ƙofa tana rubuta katin mutum ɗaya, ba ta ƙirga ukun da suka bi bayansa. Na'urar gano hayaƙi tana nan a maƙale, amma an rufe ta da leda ko safa domin a sha taba. Ranar 19 ga Janairun 2000 gobara ta tashi a wani gidan kwana na Jami'ar Seton Hall da ke jihar New Jersey, ɗalibai uku suka mutu, fiye da hamsin suka ji rauni. Ƙararrawa ta yi ƙara, amma ɗalibai da dama ba su fito da wuri ba, saboda an sha tashinsu da ƙararrawar ƙarya. Bayan haka jihar ta wajabta sa bututun fesa ruwa a ɗakunan kwanan ɗalibai. Bututun yana rage wuta, amma wanda ya toshe kunne ya koma barci, sai an buga masa ƙofa an kira sunansa.

Haka idan aka iske ɗalibi kwance bayan ya sha barasa fiye da kima. Horon da ake ba masu kula a bayyane yake: a kira shi da ƙarfi a ga ko zai farka, a ƙirga numfashi, idan bai kai takwas a minti ɗaya ba, ko ana samun tazarar daƙiƙa goma tsakanin numfashi da numfashi, a kira 911, lambar gaggawa ta Amurka, nan take. A kwantar da shi a gefe don kada amai ya shaƙe shi, kada a bar shi shi kaɗai. Kuskuren da aka fi yi shi ne abokansa su ce a bar shi ya yi barci zai warware, alhali barasar da ke cikinsa tana ci gaba da shiga jini. Sau da yawa tsoron hukunci ne ke hana su magana. Shi ya sa jami'o'i da yawa suka yi dokar yafe wa wanda ya nemi taimako, amma dokar ba ta aiki sai akwai fuskar da suka yarda da ita a benen.

Doka ma mutum take nema. A 1986 aka kashe wata ɗaliba, Jeanne Clery, a ɗakinta a Jami'ar Lehigh, bayan wanda ya kashe ta ya shiga ta ƙofofin da aka tokare a buɗe. Dokar da ke ɗauke da sunanta, ta 1990, ta tilasta wa jami'o'i bayyana laifuffukan da aka aikata a harabarsu, kuma masu kula da ɗakuna suna cikin waɗanda wajibi ne su kai rahoto. Saboda haka ake koya musu kada su yi wa ɗalibi alkawarin rufe sirri gaba ɗaya. Faɗin wannan ga yarinyar da ke kuka, ba tare da ta ja bakinta ta yi shiru ba, gwaninta ce da ake koya ta hanyar kwaikwayon yanayin a makonnin horo kafin a buɗe makaranta.

To ina haɗarin yake? Na farko, ƙananan ayyukan da na'ura ta ɗauke su ne hanyar sabo. Ɗalibin da ya manta mukulli ƙarfe biyun dare yakan tsaya minti biyar da mai kula, a nan ake lura idonsa ya faɗa, ko ya kwana uku bai shiga aji ba. Idan waya ce ta buɗe masa ƙofa, wannan minti biyar ya tafi, kuma dole makaranta ta sake gina shi da gangan, ta hanyar ganawa ɗaya bayan ɗaya da kowane ɗalibi a kowane zango. Na biyu, idan aikin takarda ya ragu, mai tsara kasafi zai ce mutum ɗaya ya isa benaye biyu. Wanda ke iya riƙe sunaye arba'in ba zai riƙe tamanin ba. Zagaye zai koma wucewa kawai, gajiya ta kori ƙwararru a tsakiyar shekara.

Na uku bai shafi kwamfuta ba sam. Haihuwa ta ragu a Amurka bayan 2007, kuma hasashen WICHE, hukumar ilimi mai zurfi ta jihohin yammacin Amurka, ya nuna yawan masu kammala sakandare zai kai ƙololuwa a 2025 sannan ya fara sauka. Wannan aiki kuwa da yawan gadajen kwanan ɗalibai ake ƙirga shi. A watan Maris na 2020, da annobar korona ta sa aka rufe gidajen kwana, masu kula da yawa sun rasa aiki da wurin kwana lokaci guda. Ƙananan kwalejoji masu zaman kansu su ne suka fi fuskantar matsin raguwar ɗalibai, manyan jami'o'in jihohi kuwa da sauƙi.

Su ma ma'aikatan ba su naɗe hannu ba. Masu kula na Jami'ar Massachusetts da ke Amherst sun kafa ƙungiyar ƙwadago tun 2002, na Wesleyan suka bi sahu a 2022, na Tufts har yajin aiki suka yi a 2023. Abin da suke nema shi ne alawus ƙari a kan ɗakin kyauta, da iyaka ga dararen aiki.

Ga matashin da ke son ya mai da wannan sana'a, matakin gaba shi ne daraktan gida, wanda a wurare da yawa ake neman digiri na biyu a harkokin ɗalibai ko ba da shawara. Ya nemi horon gano mai tunanin kashe kansa, ya san lambar 988, layin taimakon masu irin wannan tunani da aka buɗe a Yulin 2022, ya iya amfani da naloxone, maganin farfaɗo da wanda ƙwaya ta tsayar wa numfashi, wanda tun 2023 ake sayarwa ba tare da takardar likita ba. Ya kuma koyi manhajojin nan da kyau, tare da sanin cewa dokar sirrin bayanan ɗalibai ta 1974 ba ta yarda ya zuba sunan ɗalibi da matsalarsa cikin kowace manhajar ƙirƙirarriyar basira don ta rubuta masa rahoto ba. Kafin ya sa hannu a takardar aiki kuma, ya tambayi abu uku: ɗalibai nawa ne a wuyansa, dare nawa zai yi aiki a wata, kuma wane ma'aikaci ne zai ɗaga waya idan ya kira ƙarfe uku na dare.